Littafin Isabella Abbott da takardun gansakuka: yadda aikin yake tafiya

11 ga Janairu, 2025

Yau ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta tsayar da shawara kan aikin bana. Abu biyu za mu haɗa. Na farko ɗan littafi da Hausa a kan karatu da koyarwar Isabella Aiona Abbott, masaniyar tsirran teku 'yar tsibiran Hawai, wadda aka haifa ranar 20 ga Yuni, 1919, ta rasu ranar 28 ga Oktoba, 2010. Ni zan riƙa rubutawa, 'yan matan su karanta kowane babi su nuna min inda bai shige su ba. Na biyu, mu gwada irin aikinta da hannunmu, da abin da ruwan Zariya ya ba mu.

Wata abokiyar aikina ta tambaye ni me ya kai mu teku, alhali da wuya a samu ɗaya cikin yaran nan da ta taɓa zuwa gaɓa. Tana da gaskiya. Amma manhaja ta ɗora mana darasin halittun teku, yaran suna haddacewa don jarrabawa, su zubar a takarda, shi ke nan. Ina so su ga cewa mutum ne ya tsuguna a bakin ruwa ya samo abin da suke haddacewa. Abbott na zaɓa saboda inda ta faro: mahaifiyarta ce ta riƙa kai ta bakin teku tun tana ƙarama, tana nuna mata ciyayin ruwa da ake ci, waɗanda mutanen Hawai suke kira limu, tana gaya mata sunan kowanne. Duk yarinyar da ta taɓa bin uwarta ɗiban tafasa ta san wannan makarantar.

25 ga Janairu

Babi na ɗaya ya kammala. An haife ta a Hana, a tsibirin Maui, ta tashi a Honolulu. Mahaifinta ɗan asalin Sin ne, mahaifiyarta 'yar ƙasa, kuma ita kaɗai ce mace a ɗakinsu.

Sai da na ɗan tsaya a kan tarihi, don in ba haka ba yaran ba za su gane me ya sa ilimin limu yake hannun mata ba. Kafin 1819 dokar gargajiya ta Hawai ta hana mata cin naman alade, da kwakwa, da yawancin ayaba, da wasu kifaye. Ciyayin teku ba su cikin abin da aka hana, mata ne masu ɗibarsu, su suka san wanda yake fitowa inda igiyar ruwa take duka da wanda yake son inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri. A 1893 aka kifar da sarauniyar ƙasar. A 1896 doka ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Lokacin da aka haifi Abbott harshen yana ja da baya, sunayen limu kuwa ba a littafi suke ba, a bakin tsofaffin mata suke.

Karatun nata ya tafi haka: ta gama makarantar Kamehameha, wadda aka kafa don 'ya'yan 'yan ƙasa, a 1937. Digirin farko a ilimin tsirrai daga Jami'ar Hawai a 1941, shekarar da Jafan ta kai hari Pearl Harbor, tashar jiragen ruwan yaƙin Amurka da ke Hawai. Digiri na biyu daga Jami'ar Mishigan a 1942. Na uku daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1950, kuma ita ce mace ta farko 'yar asalin Hawai da ta samu wannan digiri a fannin kimiyya.

Da suka karanta, wata 'yar aji biyar ta ce, "Malama, ke nan abin da ta koya a jami'a ya goge na mamarta?" Na ce ta riƙe tambayar, littafin gaba ɗaya a kanta yake.

8 ga Fabrairu

Mun je dam ɗin Kubanni da sassafe, hazo bai gama ɗagawa ba. Kowa da takalmin roba da safar hannu, na kuma hana shiga ruwa da ƙafa tsirara, saboda tsargiya a irin wannan kwantaccen ruwa mai katantanwa ake ɗaukarta. Da sanda muka riƙa janyo gansakuka daga gefe muna zubawa a robobi da ruwan wurin.

Hanyar adana ciyawar ruwa a takarda ba ta da tsada, kuma ita ce dai masanan teku suke bi har yau. Ana zuba ruwa a faffaɗan tire, a saka tsiron ya baje da kansa. Sai a zura farar takarda mai kauri ta ƙarƙashinsa, a ɗaga a hankali a karkace, ruwan ya tsiyaye tsiron ya kwanta. Da ƙaramin burushin zane ake raba zaren, ɗaya bayan ɗaya. A ɗora ƙyallen alawayyo a kai don kada ya manne da abin da ke sama, sannan tsohuwar jarida, sannan kwali, a danne da bulo. Ba a sa gam. Yauƙin jikin tsiron shi yake riƙe shi a takardar.

Wadda muka fi samu koriya ce shar, mai santsi kamar miyar ƙarkashi, in ka ɗago ta tana zamewa tsakanin yatsu. Da muka dawo makaranta na sa zare ɗaya a gilashi a ƙarƙashin madubin likita, irin tsohon nan mai karɓar hasken taga. A ido zare ne kawai. A madubi ɗakuna ne jere, kowanne da bangonsa, cikin kowanne kuma wani koren ƙyalle ya nannaɗe daga wannan kai zuwa wancan, da ɗigo-ɗigo a jikinsa inda tsiron yake tara abinci. Spirogyra ce, wadda suka sha zanawa daga allo. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe ba ta ɗago ba, sai ta ce, "Wallahi Malama da gaske ne ashe." Sai da na ja ta gefe sauran suka samu gani.

Na dage a kan rubutun gefen takarda: wuri, rana, wadda ta ɗebo, yanayin ruwan, zurfi. Takardar da ba ta da wannan ado ce kawai, ba ta da amfani ga mai bincike.

22 ga Fabrairu

Iskar hunturu ta busar mana da takardun cikin 'yan kwanaki, jaridar kawai muka riƙa canzawa. Yau mun hau dutsen Kufena ta wajen Wusasa kafin rana ta yi zafi, mun kankaro busasshen taɓo daga ramukan da ruwa yake taruwa a kan dutsen da damina. Kowane rami da ambulansa, mun auna faɗinsa da zurfinsa. Za mu ajiye sai bayan sallah.

8 ga Maris

Azumi ya kama, ba ma fita, rubutu kawai. Babi na biyu shi ya fi ba ni wahala, shi ne kuma na fi so su karanta da kyau.

Abbott ta auri Donald Abbott, masanin dabbobin teku, wanda suka yi karatu tare a Hawai da Berkeley. Da suka gama, shi ya samu aikin koyarwa a tashar binciken teku ta Hopkins, mallakar Jami'ar Stanford, a garin Pacific Grove da ke gaɓar Kalifoniya. Ita da digiri iri ɗaya da nasa ba ta samu komai ba. A zamanin da wuya jami'a ta ɗauki mace, kuma jami'o'in Amurka da yawa suna da dokar hana ɗaukar miji da mata a wuri guda, wadda kusan kullum a kan matar take faɗawa. Shekara 10 ta yi ba ta da kujera. Tana rainon 'yarta, tana fita gaɓa in ruwa ya janye, tana ɗebo tsirrai tana dannawa a takarda tana yankawa tana dubawa a madubi. A 1960 aka ɗauke ta lakcara. A 1966 ita da George Hollenberg, shi ma masanin ciyayin teku, suka fitar da ƙari a kan littafin ciyayin tekun yankin Monterey. A 1969 Ƙungiyar Masana Tsirrai ta Amurka ta ba ta kyautar Darbaker. Duk da haka lakcara ce. Sai a 1972, shekara 22 bayan digirinta na uku, Stanford ta ɗaga ta kai tsaye zuwa cikakkiyar farfesa, ba tare da ta bi matakan tsakiya ba. Ita ce mace ta farko da ta hau wannan matsayi a sashen nazarin halittu na jami'ar. A 1976 ita da Hollenberg suka fitar da babban littafinsu na ciyayin tekun Kalifoniya, wanda masu aikin gaɓar suke ɗauka har yanzu.

Mu da muke maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello mun san tsanin: mataimakin lakcara, lakcara, babban lakcara, har zuwa sama, kowane mataki da takardun da ake ƙirgawa. Tsallake matakan nan a lokaci guda yana nufin jami'ar ta yarda da bakinta cewa tun tuni ya kamata a ɗaga ta.

Ban so yaran su karanta wannan babi su tafi da cewa haƙuri ake yabo ba. An tauye mata haƙƙi, na kuma rubuta haka ɓaro-ɓaro. Abin da nake so su lura da shi daban ne: a shekarun da ba ta da ofis ba ta da albashi, aikin bai tsaya ba, domin aikin nata ido yake buƙata da takarda da madubi da bakin ruwa. Da ta zauna jiran kujera, da ranar da ƙofar ta buɗu ba ta da abin da za ta shiga da shi. Na san mata a garin nan masu digiri na biyu da suke zaune a gida, wasu don babu gurbi, wasu don gidan bai yarda ba. Ba na ce laifinsu ba ne. Amma ciyayin da ke bayan gidansu babu wanda ya rubuta su, kuma babu mai hana su farawa.

Wata ta ce, "Malama, to ita da mijinta ya hana ta fita fa?" Aji ya yi tsit, don kowa ta san ba zancen Kalifoniya ake ba. Na ce da duniya ta yi asarar nau'in tsiro sama da 200 da ita ta fara bayyana su ga kimiyya, kuma da babu wanda zai san an yi asarar. Na roƙe su su kai babin gida su karanta wa iyayensu maza.

3 ga Mayu

An dawo hutu. Babi na uku a kan tsibiri yake, me ya sa halittunsa suka bambanta.

Hawai tana tsakiyar tekun Fasifik, kimanin kilomita 3,800 daga Kalifoniya, kuma ba ta taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Akwai wata kafa a ƙarƙashin teku da narkakken dutse yake fitowa, ita tana nan wuri guda, ɓawon ƙasan da ke samanta yana gusawa arewa maso yamma 'yan santimita a shekara. Tsibiri ya fito, ya gusa, wani ya fito a bayansa. Kauai ya kai kimanin shekara miliyan 5, babban tsibirin da ke kudu maso gabas bai cika miliyan 1 ba, wutarsa ma ba ta mutu ba. Duk abin da yake raye a can sai da iska ko ruwa ko tsuntsu ya kai shi. Kaɗan suka isa, waɗanda suka isa kuma suka tarar da fili, suka rarrabu. Tsuntsu iri ɗaya mai cin tsaba ya haifar da nau'i sama da 50, wasu da dogon baki lanƙwasasshe na shan ruwan fure, wasu da kakkauran baki na fasa ƙwaya. Kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran ƙasar masu fure babu su ko'ina a duniya sai can.

A cikin ruwa lissafin ya sauka. Kifayen da ke zaune a duwatsun murjani na Hawai, kimanin kashi 25 cikin 100 ne na can kaɗai, saboda ƙwai da 'ya'yan halittun teku igiyar ruwa tana iya kai su nesa. Nan aikin irin su Abbott yake da wuya. Kafin ka ce wannan jar ciyawa ta Hawai ce kaɗai, sai ka gwada ta da na Jafan da Ostareliya da Kalifoniya, takarda da takarda, yanka da yanka. Shekarun da ta yi a wata gaɓa su suka ba ta idon da ta koma gida da shi.

Na kuma sa musu bayanin masanan halittu Robert MacArthur da Edward Wilson na 1967: yawan nau'in halittu a tsibiri yana tsayawa ne inda masu shigowa suka yi daidai da masu ƙarewa. Babban tsibiri ya fi ƙarami riƙe nau'i, na kusa da nahiya ya fi na nesa samun baƙi. A ƙiyasi, in faɗin tsibiri ya ninka sau 10, nau'in da ke kansa yakan ninka sau 2. Wilson da ɗalibinsa Daniel Simberloff sun gwada haka a Fulorida: suka lulluɓe wasu ƙananan tsibiran itatuwan bakin teku da tanti, suka kashe ƙwarin da hayaƙin magani, suka zauna ƙirga masu dawowa. Cikin kusan shekara guda yawan ya koma kusa da yadda yake, mafi nisa shi ya fi jinkiri, kuma ba lallai nau'in da suka tafi su ne suka dawo ba.

Ramukan Kufena su ne tsibiranmu, ruwa ne a tsakiyar dutse. Yau muka zuba wa taɓon da muka ɗebo ruwan sama da na tara, kowane ambulan a kwanonsa. A ɗaya daga cikinsu, kafin a tashi, wasu abubuwa da muka ɗauka tsinke ne suka kumbura, suka yi ja, suka fara murɗawa. Tsutsotsi ne. Akwai wani ƙaramin ƙuda mai kama da sauro, Polypedilum vanderplanki, wanda aka bayyana a 1951 daga ramukan duwatsun arewacin Nijeriya. Tsutsarsa takan bushe ƙayau, ta cika jikinta da wani irin sukari da yake tsare ƙwayoyin jikin, ta yi shekaru a haka, ruwa na taɓa ta ta farfaɗo cikin kamar awa guda. Masanan Jafan sun daɗe suna nazarinta, har sararin samaniya an kai ta. Yaran sun so mu rubuta sunan nan take. Na ce a'a, mu sa wasu a kwalba mu kai wa masanin ƙwari, abin da ya tabbatar shi za mu rubuta.

17 ga Mayu

Babi na huɗu gajere ne: me ya sa aikin jar ciyawar teku yake cin shekaru. Yawancinsu rayuwarsu hawa uku ce, kuma wani hawan bai kama da wani ba ko kaɗan. Limu kohu, wadda mutanen Hawai suka fi daraja, sunanta a kimiyya Asparagopsis taxiformis, mai laushi ce ja-ja-ja da rassa a baje. Wani hawan rayuwar danginta kuwa ɗan curin zare ne, har masana suka ba shi sunan wani jinsi daban, Falkenbergia, sai wajen 1940 Jean da Geneviève Feldmann a Faransa suka nuna abu ɗaya ne. Wanda zai sa wa irin waɗannan suna dole ya bi su damina da rani.

Wannan ciyawar ce binciken da aka yi a Ostareliya ya nuna in an zuba kaɗan a abincin shanu, iskar mitan da suke fitarwa a gyatsa, mai ɗumama duniya, takan ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Wata ɗaliba daga wajen Shika, gidansu masu shanu ne, ita ta fi kowa tambaya a kai.

14 ga Yuni

Jarrabawar 'yan aji shida ta cinye ɗakin gwaji, ga babbar sallah. Babu abin da ya motsa. Damshi ya fara taɓa takardun gansakukar, na mayar da su akwatin ƙarfe da ƙwayar kafur.

12 ga Yuli

Wannan babin a kan komawarta gida yake. A 1982 Abbott da mijinta suka yi ritaya daga Stanford suka koma Hawai. Tana da shekara 63. Jami'ar Hawai ta ɗauke ta ta koyar da yadda al'umma take amfani da tsirrai, ta kuma buɗe wani sabon zangon aiki da ya fi shekara 20. Mijin ya rasu a 1986. A 1992 ta fitar da littafi a kan amfanin tsirrai a gargajiyar Hawai. A 1997 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta ba ta lambar Gilbert Morgan Smith, babbar lambar masu nazarin irin waɗannan tsirrai. A 1999, tana da shekara 80, littafinta na jajayen ciyayin tekun Hawai ya fito, a 2004 kuma na koraye da masu ruwan ƙasa, tare da John Huisman. Tun a 1974 ma, tana Kalifoniya, ita da Eleanor Williamson sun fitar da ɗan littafi a kan limu da ake ci, wanda suka gina a kan hira da tsofaffi, suna haɗa sunan da tsohuwa ta faɗa da sunan da madubi ya tabbatar.

Wannan shi ne amsar tambayar watan Janairu, kuma mun gwada. Kowace yarinya ta koma wajen kakarta ko gwaggonta da ganye a hannu. Ni na bi ɗaya zuwa gidansu a cikin birni, wajen Ƙofar Gayan. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsinkar zogale. Bayan gaisuwa na miƙa mata reshe biyu da yaran suka kasa rabewa, na ce, "Inna, ki taimake mu, waɗannan abu ɗaya ne?"

Ko karɓa ba ta yi ba ta ce, "Haba 'yar nan. Wannan tafasa, wancan rai-ɗore." Sannan ta karɓa ta nuna min. Tafasa ganyenta bibbiyu ne sau uku a kara, bakin kowanne a zagaye. Rai-ɗore ya fi yawan ganye, bakinsa da tsini. Ta murje shi ta kai min hanci, wari mai hawa kai. "Wannan ba a kwaɗonsa. Ita ma tafasar, tun tana jaririya ake ɗiba, in ta yi fure ta wuce. In za ki shanya, a inuwa, rana tana cinye mata kore." Da na koma na duba, abin da ta faɗa a kan ganyen shi ne abin da littafi yake rabe Senna obtusifolia da Senna occidentalis da shi.

Sauran sun dawo da rama, yakuwa, lalo, yaɗiya, gasaya, ƙarkashi, na ruwa kuma kainuwa da bado. Kowanne mun danne shi a takarda, mun rubuta sunan gida, da sunan kimiyya in mun tabbatar, da wadda ta ba da bayanin, da izininta. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, aikinsa yana da amfani ƙwarai, amma fiye da shekara 100 ke nan, kuma lokacin ɗiba da yadda ake shanyawa da abin da ake ba mai jego ba su cika shiga irin wannan jeri ba. Yarinya biyu sun ce kakanninsu sun rasu, iyayensu mata kuma ba su san komai ba bayan alayyafo da kabeji. Wannan ya tsaya min a rai.

Na ƙara sakin layi a babin a kan matan Kanembu na gabashin tafkin Chadi, da suke tace koriyar gansakukar ruwan kanwa su shanya a yashi su yi miya da ita. Ita ce yau ake sayarwa a kantunan magani da sunan sifirulina.

9 ga Agusta

Hutu ake, amma waɗanda suke kusa sun fito, muka koma Kufena bayan ruwan dare. Dutsen da santsi, a hankali muka hau. Ramukan da muka auna sun cika. A manyan akwai talibambam, da ƙwaro masu iyo a baya, da tsutsar sauro, da jajayen tsutsotsin nan a cikin taɓo, da gansakuka iri-iri. A ƙananan, masu faɗin tafin hannu biyu, abu ɗaya ko biyu ne, wani ma babu komai. Yaran suka fara murna wai sun tabbatar da MacArthur da Wilson. Na ce kallo ɗaya ba ya tabbatar da komai. Ƙaramin rami yakan ƙafe in aka yi kwana biyu ba ruwa, komai ya koma farko, don haka ba mu san ko faɗi ne yake aiki ko daɗewar ruwa ba sai mun riƙa auna zurfi duk mako har damina ta ɗauke. Uku daga cikinsu da suke zaune a Wusasa sun ɗauki nauyin, da yayan ɗaya da zai riƙa raka su.

20 ga Satumba

Babi na ƙarshe yana hannu, a kan abin da yake cinye gaɓar Hawai. Baƙin ciyayi ne. Acanthophora spicifera ta shigo wajen 1950 a jikin wani jirgin dakon kaya daga Guwam. A shekarun 1970 aka kawo wasu da gangan don gwajin noma, cikinsu har da Kappaphycus a mashigin Kaneohe, suka kuɓuce suka lulluɓe murjani suka danne limun gida. Gine-gine da karkatar da rafuka sun rage ruwan daɗin da yake gangarowa teku, limun da yake son wannan mahaɗa ya yi ƙaranci. Ba don takardun da aka danne aka rubuta wa rana da wuri shekaru da yawa baya ba, da babu mai iya nuna me ya shigo, me ya ɓace. A 2022, shekara 12 bayan rasuwarta, gwamnan jihar ya ayyana shekarar a matsayin shekarar limu.

Na haɗa da namu. Gaɓar Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850, kuma tun 2011 ciyawar Sargassum mai ruwan ƙasa take tururuwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, tana cika tarun masunta. Shi kuma abin nan mai daskarewa da ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa a ɗakin gwajin asibiti, daga jar ciyawar teku ake tatso shi, don haka duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan gwaji a Zariya ya ci amfanin teku.

Abin da ya rage: wata tsohuwar ɗalibata da take karatu a Legas ta yi alkawarin danno mana Sargassum a takarda, na tura mata yadda ake yi da abin da za ta rubuta a gefe. Kwalbar tsutsotsin tana wajen masanin ƙwari, muna jira. Malamin Hausa ya karɓi babi huɗu na farko zai duba ƙa'idar rubutu. Mai ɗab'i a Sabon Gari ya ba mu farashi, kuɗin ƙungiya ba zai kai hotuna masu launi ba, don haka yaran za su zana da baƙin alƙalami, na raba musu tsirran yau. Ranar 27 ga wata 'yan Wusasa za su kawo ma'aunin zurfin ramuka, mu zauna mu jera shi a jadawali.